Layar da ke Wuyan Magena

Sama da shekara ashirin na yi ina koyarwa a wata firamare tsakanin Kura da Bunkure, amma har na yi ritaya ba a daina ce mini baƙuwa ba. Daga birni aka kawo ni aure. Maigidana ya rasu, 'yata ɗaya tilo ta tafi Zariya karatun likitan dabbobi, ni kuma na ƙi komawa wurin dangi. Ba ni da gona, ba ni da 'yan uwa a garin. Abin da na mallaka shi ne shaidar da ake yi mini, cewa Malama ba ta shiga sabgar kowa. Da wannan shaidar nake zaune lafiya, kuma na san ranar da ta zube ba ni da mai tsaya mini.

Magena a bayan injin casar shinkafa na tsince ta, 'yar mitsitsiya, toka-toka, duk dusa a jikinta. Na hana ta fita ko tsakar gida sai ina wurin, domin masu noman rani suna zuba maganin ɓera a bakin kanal ɗin ban-ruwa, kuma na sha ganin abin da yake yi wa maguna. A ɗaki ta girma. Matan unguwa sun san ina da mage, suna ma tsokanata wai na yi wa mage kulle, amma waɗanda suka taɓa ganinta ba su da yawa.

Da 'yata ta zo hutu sai ta fito da wata allura mai kauri, na ce me zan gani haka.

"Umma, 'yar na'ura ce a ciki, ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. A ƙarƙashin fata ake sa ta. Ko ta ɓata, da an ɗora na'urar karantawa za a san taki ce."

"Ina na'urar karantawar take?"

"Akwai a Kano."

"To madalla. In ta ɓata sai ta tari mota a Garun Malam ta kai kanta."

Ta yi dariya, amma ba ta fasa ba. Ta kama fatar tsakanin kafaɗun magen ta soka, magen ta yi 'yar ƙara, shi ke nan. Ni dai na ce abin da ido ba ya gani ba shaida ba ne a garin nan. Abin wuya zan sa mata. Ta ce abin wuya yana maƙalewa a reshe ya shaƙe mage, na ce magen da ba ta fita ina za ta ga reshe.

Ranar kasuwa na rubuta lambar wayata a 'yar takarda na kai wa wani tsohon baduku, na ce ya yi mini abin wuyan mage ya haɗa da wannan. Abin da nake nufi ya manna ta inda za a gani. Shi kuwa tun yana yaro, in aka ba shi rubutu aka ce ya haɗa da fata, hanya ɗaya ya sani. Ya ninke takardar, ya naɗe ta da zare, ya ɗinke ta ruf cikin jar fata mai kusurwa huɗu. Da na koma karɓa na ga laya sak. Dariya na yi har da riƙe ciki. Ya kamata in ce ya farke, amma ɗinkin ya yi kyau, rana kuma ta yi zafi. Na zo gida na ɗaura mata.

Katanga ɗaya ce tsakanina da maƙwabciyata. Shekara da shekaru kwanonmu na tsallake katangar nan, ita ta miƙo tumatir da albasa, ni in miƙa abin da na dafa. A ranin shekarar da na ɗaura layar, mijinta ya yanke jiki ya faɗi a gona ana tsakar ɗiban tumatir. Ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Asibiti suka ce hawan jini, unguwa ta ce jifa, don bai daɗe da yin rigima da wasu a kan rabon ruwan kanal ba. Daga nan gidan ya canza. Kullum hayaƙin turare na tsallakowa wurina, ana shiga ana fita ana magana ƙasa-ƙasa. Na ji an ce wani mai magani ya gargaɗe su da su sa ido a kan duk abin da ya shigo gidan da ƙafarsa.

Wata safiya da hantsi ina wanki, na bar ƙofar ɗaki a buɗe. Ban ankara ba sai na ji salati daga gidansu, irin wanda ake yi in an ga maciji. Na leƙa ɗaki, babu mage. Na zura hijabi na fita, kumfar sabulu ba ta ma bushe a hannuna ba.

Tsakar gidan ya cika. An kife magen da kwandon tumatir an ɗora dutse a kai, ta ramukan kwandon ina hango idanunta. Ƙanin maigidan yana ta faɗa wa duk wanda ya shigo cewa a kan ƙirjin marar lafiya aka same ta, a zaune, da laya a wuya. Maƙwabciyata tana bakin ƙofar ɗaki. Ita ta san magen, ta sha ganinta a cinyata, layar ce ba ta taɓa gani ba. Ta dube ni, ta ci gaba da dubana, tana jira in yi magana.

Ban yi ba. Ni da na yi shekaru ina tsawata wa 'ya'yan mutane a kan faɗin gaskiya, na tsaya a bayan mata na yi gum. Tsoro ne ya kama ni, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Akwai wanzami a gidan, ya zo yi wa marar lafiya ƙaho. Shi aka ce ya ciro ta. Ya ɗaga kwandon ya damƙo ta ta ƙeya, sai na ga ya tsaya cak. Ya sake murza fatar da yatsu biyu.

"Akwai abu a cikin naman nan," in ji shi. "An binne mata wani abu."

Mata suka ja da baya. Ya zaro aska ya yanke abin wuyan, ya farke jar fatar, ya warware zaren a hankali kamar mai tsoron kada ya sare shi. Wata tsohuwa ta leƙa takardar ta ce hatimi ne, ga alƙaluma nan a jere. Ƙanin maigidan ya karɓa ya ƙura mata ido.

"Wannan ai lambar waya ce," ya ce.

Ina kallonsa yana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Ana jin numfashin marar lafiya daga ɗaki. Sai wayata ta ɗauki ƙara a aljihun hijabina.

Da aka juyo gaba ɗaya aka zuba mini ido, sai tsoron ya koma fushi. Na ratsa su na fizge magena daga hannun wanzamin. Na ce tawa ce, lambar tawa ce, baduku ne ya ɗinke ta haka, ga rumfarsa can a kasuwa ga mai son tambaya. Wanda zai yi jifa zai rubuta lambar wayarsa a ciki ne? Na ga wasu sun fara sunkuyar da kai. Sai maƙwabciyata ta yi magana, a sanyaye, ba da faɗa ba.

"Malama, na ji ta wuya. Ta cikin naman fa? Kuma me ya sa tun ɗazu ba ki ce taki ce ba?"

Na yi bayanin allurar 'yata, ina ji da kunnena yadda maganar ke fita ba daɗin ji. Wanzamin ya ce abu mai sauƙi ne, a bar shi ya tsaga ya fito da shi kowa ya gani. Magen tana ta rawar jiki a ƙirjina. Na ce ba mai sa mata aska, na fita da ita, aka dare aka ba ni hanya fiye da yadda nake bukata.

Na kira 'yata ina huci. Ta ce in kawo magen Kano tare da ƙanin maigidan a ɗora na'urar a gabansa. Na ce in an ɗora me za a gani? Ta ce wata lamba ce za ta fito, in an bincika ta sai ga sunana da wayata. Na ce ta bar shi kawai.

Mijin maƙwabciyata ya rasu kafin damina ta faɗi. Na je gaisuwa, tabarmar da na zauna a kai ta zama tawa ni kaɗai. Kwano bai sake tsallake katanga ba. Ba wanda ya zage ni, gaisuwa ma sai ta ƙaru, irin wadda ake yi da sauri ana kauce ido. Takardar nan kuwa ba a dawo mini da ita ba, kuma ban san hannu nawa ta bi ba.

Watannin baya ina tsintar shinkafa da rana, magen na kwance a ƙafata, wata baƙuwar lamba ta kira. Muryar dattijo ce, mai ladabi. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya yi ta kewaye-kewaye. Can ya ce akwai wani da yake tare masa ruwa a kanal shekara uku ke nan, ya kai ƙara ko'ina ba a yi komai ba. Na ce to ni ina ruwana a ciki. Sai ya rage murya.

"Malama, dama cewa na yi, magen nan taki tana zuwa har Bunkure?"