Bakin Kawu da ba mu duba ba

Tun da muka fito daga ɗakin likita jiya na kasa zama wuri ɗaya. In shiga gida, in fito, in sake shiga.

Kawuna mahauci ne a Ƙofar Rini. Wata bakwai yana fama da ɗan gyambo a gefen harshe. Muka ce goro ne, muka ce zafin shayi ne. Ni da kaina na je Dundaye na samo masa zuma. Jiya sakamako ya fito: ciwon daji ne, har ya kai wuya.

Likitar ta ce ko a ƙasashen Turawa, wannan ciwo ya fi kashe baƙar fata.

Kawu ya ɗago kai, da ƙyar maganarsa ke fita. "To likita, jinin namu ne bai da ƙarfi?"

Ta ce, "A'a Baba. Galibi fararen fata ana duba bakinsu da wuri, mu kuwa sai abu ya yi nisa."

Sai ya juyo gare ni. "Shekara talatin ban taɓa sayen bijimin sa ba sai na buɗe bakinai na duba halshe. Ni kau ba wanda yat taɓa ce min in buɗe nawa."

Zuma na kai masa, amma ban taɓa leƙa gyambon ba.

Ku faɗa min gaskiya, yaushe rabonku da duba bakin tsohonku?