Rayuwar Baba Mai Kwalba

Mai wannan rubutu tana neman afuwa, domin ba ta taɓa rubuta komai ba sai amsar jarrabawa, kuma akwai waɗanda suka fi ta sanin marigayin.

Haihuwa da karatu

An haife shi a shekarar 1952, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa. Mahaifinsa tela ne, mahaifiyarsa ungozoma. Tun yana yaro ya shahara da dogon gudu, kuma bisa ɗabi'ar 'yan gudun makarantarsu, yakan fita atisaye bai ci komai ba, domin sun yi imani abinci na sa nauyi. A 1970 aka zaɓe shi shiga gasar gudun fanfalaki, amma ana gobe tafiya mura mai tsanani ta kwantar da shi, aka tafi da wani. Bai sake shiga gasa ba.

Aiki

Ya karanci ilimin garkuwar jiki, sannan a 1979 ya kama aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, ɗaki mai taga ɗaya da tsohon firiji mai gurnani. Tambaya guda ta riƙe shi tsawon rayuwa: me ya sa mura ke bin masu dogon gudu, kuma ko abinci zai hana? Yakan tsaya bakin fili da akwatin ƙananan kwalabe, ya karɓi yawunsu kafin gudu da bayansa, ya auna sinadarin da ke tare ƙwayoyin cuta a baki. Nan ya samu laƙabinsa.

"Baba, tsararrakinka na tara gidaje, kai kana tara yawu!" in ji 'yan gudun.

"Tofa dai, ɗan nan. Surutu na busar min da kaya."

Aure da 'ya'ya

A 1981 ya auri wata malamar jinya, wadda ta kafa masa sharaɗin cewa kwalba ba za ta shiga firijin gidanta ba. Babban ɗansu, Dogo, ya gaji gudun, ya gaji murar, ya kuma gaji ƙin cin abinci. Da aka zaɓe shi gasa a 2006, tsoro ya kama uban kada abin da ya same shi ya maimaita. Kullum da safe yakan tare ƙofa da ayaba da burodi.

"Baba, nauyi zan yi."

"Ni da na tashi sakayau, ina na kai? Jira sakamakon bincikena, da kanka za ka nemi ƙari."

Sakamakon ya fito kafin gasar, bai kuma zo yadda uban ya so ba. Sinadarin ya ragu a yawun wasu bayan gudu, amma bambancin waɗanda suka ci da waɗanda ba su ci ba bai taka kara ya karya ba. Da ya yi shiru, Dogo ba zai sani ba. Sai ya kira shi gaban mahaifiyarsa.

"Ban samu hujja ba. Ci ko bari, naka ne."

Dogo ya dubi hannun uban, ya karɓi ayabar.

"Kawo, Baba. Ba sai kwalba ta ce ba."

Ya je gasar lafiya, ya ƙare a tsakiyar jama'a, bai ci kyautar komai ba. Da ya tsallaka layin ƙarshe, ya tarar da uban tsaye, kwalba a hannu, ya manta ma bai buɗe ta ba.

Rasuwa

Ya yi ritaya a 2017, ya rasu a 2021 bayan gajeruwar jinya, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan filin gudun. Allah ya jiƙansa. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Dogo, koci, wanda yaro ba ya taka filinsa sai ya faɗi abin da ya ci, Yaya, likitar haƙori, da Auta, wadda ta rubuta waɗannan shafuka, ta ajiye su a kan firijin mahaifiyarta, ta sulale kafin a juyo.