Hamadu Mai Agogo da Littafin da Ruwa Ya Ci

Hamadu mutumin Adar ne, daga ƙasar Nijar. Ya zo Wagadugu yana saurayi, ya koyi gyaran agogo, ya kafa ɗan teburinsa a bakin titi a unguwar Dapoya. Kullum da safe yakan taka kekensa daga Zongo, ya zauna da gilashi a ido yana tsintar ƙananan ƙusoshi. Ba shi da yawan magana. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, in kasuwa ta yi sanyi yakan jawo littafin rubutu irin na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, daga ƙarƙashin tebur, ya yi ta rubutu da Hausa.

Labarin mahaifiyarsa Dela yake rubutawa, yadda ta kwaso 'ya'yanta a shekarar yunwa ta taka da su a ƙasa daga ƙauyensu har Birnin Konni. Shekara takwas yana wannan aiki, har ya cika littattafai shida. Sau ɗaya ya taɓa kai su wurin wani mai buga takardu, mutumin ya juya shafi biyu ya ce masa a garin nan wa zai karanta Hausa, ya je ya mayar da shi Faransanci. Tun daga ranar bai sake nuna wa kowa ba sai matarsa Indabo. Ita ba ta yi karatun boko ba, amma duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan karanta mata abin da ya rubuta, tana tsintar shinkafa tana saurare.

Ranar ɗaya ga Satumba ta 2009, cikin azumi, ruwa ya sauko tun da asuba bai tsaya ba. Kafin azahar bangon ɗakinsu na laka ya jiƙe ya zauna. Sun fita da ransu da kayan jikinsu. Da ruwa ya janye, Hamadu ya tono akwatinsa daga cikin taɓo. Littattafan sun manne sun zama dunƙule ɗaya, tawadar ta narke. Ya daɗe tsugune a wurin, sannan ya tashi ya wanke hannunsa.

Aka sauke su a wata makarantar firamare, mata a cikin aji, maza a baranda. Hamadu ya daina zuwa Dapoya. Yana zaune ƙarƙashin taga, in an gaishe shi ya amsa, shi ke nan.

A rana ta biyar da la'asar, ƙishirwa ta kwantar da kowa, sai ya ji muryar Indabo ta taga tana ba matan ajin labari. Labarin Dela ne. Tana yi da Hausa, tana juya wa maƙwabtansu da Mosanci, yaren mutanen garin. Ya ji ta ce Dela ta hau jaki ta bar ƙauye.

"Ba jaki," in ji Hamadu daga waje. "Jakin ya mutu tun kafin mu tashi."

"To, Malam," ta ce, ta ci gaba. Can kuma ta ce sun kwana uku a hanya.

"Tara! Kwana tara, Indabo. Sau nawa na karanta miki?"

"Ai kaina ya ruɗe da ruwan nan. Ka faɗa musu da kanka mana."

Ya san da gangan take yi. Duk da haka ya matso bakin taga ya karɓi labarin, bai tsaya ba sai da aka kira sallar magariba. Wata tsohuwa Bamosa ta ce gobe ma ya zo, tana so ta ji ko matar ta isa.

Bayan salla ƙarama suka kama ɗaki ɗaya a gidan wani direba, Salifu. Rannan Indabo ta dawo daga kasuwa ta ajiye masa sabon littafin rubutu da biro a kan tabarma. Ya ce ba zai iya ba, shekara takwas ba wasa ba ce, kuma ya tsufa.

Ta zauna kusa da shi. "Malam, zan faɗa maka wata magana, kada ranka ya ɓaci. Wancan da ruwa ya ci, babu Lami a ciki."

Lami ƙanwarsa ce, autar Dela. Shi ne ya goya ta a wannan tafiya, yana ɗan shekara goma sha ɗaya. A rana ta bakwai ya yi tafiyar wuni guda yana mata hira, yana jin daɗi ta yi barci ta daina kuka, sai da suka sauka gindin wata bishiya uwarsu ta kwance goyon ta ga ta riga ta cika. Sau ɗaya ya taɓa gaya wa Indabo wannan, a farkon aurensu. A littattafai shida bai ambaci sunan yarinyar ba.

"In na rubuta, sai in ga kamar yau ne," ya ce.

"Ina nan zaune. Ka rubuta layi ɗaya, in ya yi nauyi ka ajiye."

Ya yi sati uku a kan shafi huɗu na labarin Lami. Wani lokaci sai ya fita ya zaga bayan gida ya dawo da jajayen idanu, ita kuwa ba ta tambayarsa, sai dai ta miƙo masa ruwa. Da ya wuce wurin, sauran ya zo da sauƙi, kuma ya fi na farko gajarta. Ya koma teburinsa. Kafin shekara ta ƙare ya gama, a littafi biyu kacal.

Ya yi hoton shafukan kwafi ashirin, ya ɗinke su da zare. Salifu ya raba wa direbobin da ke bin hanyar Yamai, ya kuma kai ɗaya Konni wurin Bilkisu yayar Hamadu, wadda ban da shi ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka yi tafiyar. Jikarta ta karanta mata.

Bilkisu ta kira shi a wayar Salifu. Ta ce, "Hamadu, ashe kai ma abin yana ranka? Ni duk shekarun nan na ɗauka laifina ne, da na ce na gaji na ba ka goyon."

Suka yi kuka tare, suka yi wa Lami da Dela addu'a. Da damina ta wuce, Hamadu da Indabo suka hau mota zuwa Konni, karo na farko cikin shekara goma sha huɗu.