Miyar Kifin da Ta Kumbura 'Yata

Shekarar da maigidana ya yi rigimar iyakar gona da maƙwabcinmu, a kan kunya guda ta dawa, sai da dattawa suka shiga aka sasanta. Bayan sulhun ne matar maƙwabcin ta fara aiko mana da kwanon miya. Mijinta yana saro kifi a dam ɗin Watari, abin da ya yi kwantai sai ta yi miya da shi. Mu kuwa kifi ba cimar gidanmu ba ce, kuka da kuɓewa muka sani.

Ranar farko 'yata ta tsakiya ta ci, leɓenta ya kumbura, jikinta ya yi rudu-rudu. Na ce borin jini ne, na shafa mata man shanu. Karo na biyu har idanunta suka rufe, numfashinta yana fita da ƙara. Dukanmu mun ci miyar, ita kaɗai ta kamu, wannan ne ya tsaya mini a rai. Ita ce take karɓo kwanon, kuma matar takan miƙa mata tsoka daban a hannu.

Maigida ya kwashe mu a babur zuwa asibiti a Kunci, aka yi mata allura, numfashin ya dawo. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta tambayi abin da ta ci, sannan ta zaunar da ni. Ta ce a ƙarƙashin fata da cikin maƙogwaro akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gadin jiki, ido ba ya ganinsu, kowacce cike da 'yan jakunkuna, bangonta kuma da ƙofofi a rufe. A jikin 'yata, masu gadin sun ɗauki kifi a matsayin maƙiyi. Da ya taɓa su sai ƙofofin su buɗe, wani sinadari mai suna kalsiyam da ke cikin ruwan jiki ya kwarara ciki, su kuma su zazzage jakunkunansu. Abin da suka zubar shi ke kumbura fata ya shaƙe wuya.

Na tambaye ta ko ana iya zuba kalsiyam ɗin a miya, kamar kanwa. Ta yi dariya, ta ce ni ma yana jikina, har cikin ƙashina. Na ce to wa yake buɗe ƙofofin?

"Kifin ne, baiwar Allah. Babu hannun kowa."

Ni dai ban ce mata ina zargin wani ba. Har muka iso gida ina tunanin yadda aka yi ta sani.

Maigida ya ce kada in kuskura in mayar da kwanon, za a ce mun tayar da tsohuwar rigima. Mu riƙa karɓa, mu hana yarinyar kawai. Amma yarinyar a gidansu take wuni tana wasa da 'ya'yansu, kuma na san ta da lasar ludayi. Ma'aikaciyar ta ce na gaba yana iya fin wannan muni. Kwana da kwanaki ina ƙirƙiro mata aiki don kada ta fita, ina sunsunar hannunta idan ta kuɓuce ta dawo.

Da na gaji, wata rana da hantsi na yafa mayafi na shiga gidan maƙwabcin. Na sami matar tana tankaɗe. Muka gaisa, na yi mata bayanin ƙofofin da jakunkunan yadda na riƙe, idona a kan fuskarta, ina jiran abin da zai nuna. Ba ta daina tankaɗen ba.

"Yaya, da ce mini kika yi kifi ba ya karɓarta, ai ya isa. Wannan dogon karatun na mene ne?"

Na ce don ta gane ne. Ta ce ta gane sarai.

Tun daga ranar kifi bai sake shiga tukunyarta ba sai yarinyar tana makaranta, 'ya'yanta ne suka gaya mini. Idan sun ci, takan sa su wanke hannu da sabulu kafin su yi wasa. Mazan suna gaisawa a masallaci. Mu ma muna gaisawa ta kan katanga, a taƙaice. Yarinyar ba ta sake kumbura ba, kuma har yau ban daina tambayarta abin da aka ba ta a can ba.