Man Kaɗanya da 'Yan Tsanan Gwaggo

Jiya na buɗe robar man kaɗanya, sai ƙamshin ya mayar da ni falon marigayiya Gwaggo, yayar mahaifina, a unguwar Balsall Heath ta Ingila. Tsofaffin 'yan tsanan Chaina na katako take tarawa. Da zarar sanyi ya shigo an kunna hita, sai ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya tana murza musu mai da babban yatsa. Mukan yi mata dariya.

"Icce ma yana jin ƙishirwa," in ji ta. "Ubana masassaƙi ne, ba ku za ku koya mini ba."

Wata rana na kawo mata wani Bature masanin kayan tarihi daga Manchester. Ya ɗauki guda, ya shinshina, ya ce ta ɓata su. 

Gwaggo ko gezau. Ta dube shi ta ce, "Naka nawa suka tsage bana?"

Da zai tafi, ya roƙi a ɗan ɗiba masa man.

'Yan tsanan suna wurina yanzu, ko ɗaya ba ta tsage ba. Allah ya ji ƙanki, Gwaggo, ya shayar da ke yadda kika shayar da su.