Duwatsun niƙa na kufanmu

Jiya a hanyar Ribah tifa ta wuce ni cike da tsakuwa, aka ce a tudunmu aka fasa. Sai marigayi kakana ya faɗo mini a rai.

Bayan girbi yakan hau da ni kufan ƙauyenmu da ke kan tudun, yana haki, yana warin taba. Ba abin da ya rage sai duwatsun niƙa. Yakan shafa ramin kowanne: "Wannan namu ne, mu muka fara zama. Wancan na waɗanda suka gudo daga Wasagu."

A hawanmu na ƙarshe ya damƙe hannuna. "Jikata, ranar da duwatsun nan suka ɓace, baƙo zai nuna muku iyakar gonarku."

Yanzu an riga an kafa turakun shata iyaka a gindin tudun, ba mu san masu su ba.

Allah ya jiƙansa, ya sa wannan karon bai yi gaskiya ba.