Man Kaɗen Inna

Maigidana maƙeri ne, amma a Hindawiyya, unguwarmu can ƙasar Larabawa, ba garma ke ciyar da mu ba. Larabawan ƙauye ne ke kawo masa kwanson harsashin da suka harba, ya sake cika musu, don lokacin yaƙin Turawa sabon harsashi ya yi wuya. Kwanso in ya sha wuta sai ya kumbura, ya ƙi komawa bindiga. Sai an shafe shi da mai, an cusa shi a wani ƙarfe mai rami da suke kira ƙalib, ya matse. Ƙalib ɗaya muke da shi tak, shi ne tukunyarmu.

Man kaɗe yake shafawa, wanda alhazan gida ke zuwa da shi. Shekarar nan alhazai ba su zo ba, mai ya ƙare. Na ce ya nemi kitse. Ya ce tagullar nan laushi gare ta, ya tofa mata yawu ya buga. Wanda ya ƙi ji ai ba ya ƙi gani ba. Kwanso ya maƙale a ƙalib, da ya ja da awartaki sai gindin ya yage.

Ga makiyayin da ya kawo aikin tsugune a ƙofa, kura na cinye masa awaki. Maigida ya hau zuga wuta.

"Malam, in ka gasa ƙarfen nan ya lanƙwashe, me za mu ci?"

"Halas, shi ke nan, to kawo dabara," ya ce, ko kallona bai yi ba.

Ina da 'yar battar man kaɗe a ƙasan akwati. Inna ce ta danƙa mini ranar da muka baro Kano, ta ce saboda faso a hanya. Ban taɓa shafawa ba, shinshinawa nake in kewa ta taso. Na kwashe shi kaf, na cika ramin ƙalib, na ajiye a rana ya narke ya ratsa.

Bayan la'asar ya zura tsinken ƙarfe ya ƙwanƙwasa. Kwanso ya faɗo ƙasa. Wallahi don daɗi sai na zauna daɓas ina hamdala. Maigida ya leƙa ramin, babu ko ƙarzuwa.

"Ashe kina da mai kika yi shiru?"

Na ce da kam akwai, yanzu ya ƙare. Battar tana nan har yau, amma ƙamshin ya tafi.